Maras Addini A Tsakiyar Masu Addini

A cikin watan Yuni na 2014 abubuwa biyu sun faru a ƙasar nan, ɗaya a Kudu ɗaya a Arewa, waɗanda a lokacin ba wanda ya ajiye su wuri guda ya auna. A Jihar Abiya sojoji suka tare ayarin motoci fiye da 30 a kan hanyar Fatakwal, suka kwashe 'yan Arewa 486, galibinsu 'yan ci-rani masu zuwa neman abinci, suka kulle su a bariki bisa zaton 'yan Boko Haram ne. Hukumar soja ta ce ta sami wani da take nema a cikinsu, amma sauran ɗaruruwan kamanninsu da harshensu ne suka ja musu. A Kano kuwa, a cikin wannan watan dai, dangin wani saurayi injiniya mai suna Mubarak Bala suka kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, saboda ya gaya musu cewa shi bai yarda akwai Allah ba. Ya yi kwana 18 a tsare ana ba shi magani, kuma yajin aikin likitoci ne ya zama sanadin fitowarsa.

Masu karanta wannan shafi, waɗanda yawancinsu Musulmi ne mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, ba sa bukatar a yi musu bayanin zafin labari na farko. Kowane ɗan Arewa da ya taɓa zama a Kurmi ya san yadda ake ji idan aka dube shi aka yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba. Labari na biyu ne da yawa za su ce ai shi ya ja wa kansa. To, wannan maganar ce ya kamata a zauna a duba da idon basira, gama abin da ya haɗa labaran biyu ya fi abin da ya raba su yawa.

Labarin Mubarak Bala bai tsaya a asibiti ba. Daga baya ya zama shugaban ƙungiyar da ake kira Humanist Association of Nigeria, watau ta masu cewa hankali da tausayin ɗan Adam sun ishe su jagora ba sai da addini ba. Ran 28 ga Afrilu, 2020, ana tsakiyar kullen annobar korona, 'yan sanda suka kama shi a Kaduna suka wuce da shi Kano, bayan wasu lauyoyi sun kai ƙara cewa ya rubuta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a shafinsa na Facebook. A lokacin matarsa na jego, ɗansu bai wuce mako shida ba. Aka yi watanni lauyoyinsa ba su sa shi a ido ba. A watan Disamba na 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce tsarewar ta saɓa wa doka, ta ba da umurnin a sake shi, amma aka yi kunnen uwar shegu da umurnin. Sai da ya shafe fiye da shekara guda a kulle kafin a gabatar da tuhuma a kansa. Ran 5 ga Afrilu, 2022, ya amsa laifuffuka 18 a gaban Babbar Kotun Jihar Kano, aka ɗaure shi shekara 24. A watan Mayu na 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce hukuncin ya yi tsanani, ta mai da shi shekara 5. An sake shi a watan Agusta na 2024, amma sai a Janairun 2025 aka bari duniya ta ji, saboda tsoron kada a bi shi a kashe. A cikin 2025 ɗin ya bar ƙasar zuwa Jamus.

Ba za a ɓoye ba, abin da aka ce ya rubuta ya sosa zuciyar Musulmi ƙwarai, kuma duk wanda ya ce bai gane dalilin fushinsu ba, bai san matsayin Annabi a zuciyar Musulmi ba. Amma a lura da jerin abubuwan. Sa'ad da aka kai shi asibitin a 2014, ba ƙarar zagi aka kai ba. Abin da ya faɗa a cikin gidansu game da abin da ke zuciyarsa shi aka ɗauka hauka. Watau tsangwamar ta riga zagin zuwa da shekara shida. Mutane da yawa kan haɗa rashin imani da zagin addini su ƙulle a ƙunshi ɗaya, alhali kuwa abu biyu ne, kuma dokar ƙasa ma ta raba su. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin tunani da na addini, har da 'yancin sake addini ko ra'ayi. Cin mutuncin addini shi ne laifi, a ƙarƙashin sashe na 210 na dokar Final Kod a Arewa da sashe na 204 na dokar laifuffuka ta Kudu, kuma a duka biyun hukuncinsa bai wuce ɗaurin shekara 2 ba.

Wani zai ce ai littattafan fiƙihu sun yi maganar ridda, kuma hukuncinta ba ɓoyayye ba ne. Gaskiya ne. Sai dai littattafan nan da kansu sun ɗora al'amarin a wuyan shugaba da alƙali, bayan shaidu da bincike da ba mutum kwanaki ya tuba. Babu inda suka miƙa shi ga matasan unguwa ko 'yan kasuwa masu duwatsu a hannu. Bugu da ƙari, jihohi 12 na Arewa da suka kafa shari'a tun daga Zamfara a 2000 ba su sa ridda cikin jerin laifuffukan da suka rubuta ba, domin sun san Tsarin Mulki ya hana. Saboda haka wanda ya ɗauki sanda don hukunta mutumin da ya bar salla ko ya bar addini, ba shi da takardar izni daga kowace kotu, ta shari'a ko ta gwamnati.

Mazauna Shagamu da kewaye sun san Ikenne, garin su Cif Awolowo. A nan ne Tai Solarin ya buɗe makarantar Mayflower a 1956, bayan ya bar shugabancin kwalejin Molusi ta Ijebu-Igbo saboda saɓani a kan tilasta wa yara ibada. Mutumin nan bai taɓa ɓoye cewa shi bai yarda da Allah ba. Ya faɗa da baki, ya rubuta a jaridu shekara da shekaru. Duk da haka Musulmi da Kirista suka riƙa kai masa 'ya'yansu, domin sun ga tarbiyya da aikin hannu da riƙon gaskiya a wurinsa. An san shi da gajeren wandon kaki, an kuma san shi da tsince gawarwakin da aka bari suna ruɓewa a bakin titi yana neman a binne su, aikin da masu wa'azi da yawa kan toshe hanci su wuce. Gwamnatin soja ta ɗaure shi a 1984, amma saboda sukar mulkinta ne, ba domin rashin addininsa ba. Ya mutu a 1994, kuma a 2005 Gwamnatin Jihar Ogun ta kafa jami'ar horar da malamai a Ijagun ta sa mata sunansa. Babu wani masallaci ko coci da ya rushe saboda Tai Solarin ya yi shekara da shekaru yana koyarwa a Ikenne.

Kada wannan ya sa a ɗauka Kudu aljannar marasa addini ce. A watan Yuli na 2009, a Kalaba, 'yan wani coci suka kutsa taron da Leo Igwe, wanda ya assasa ƙungiyar marasa addini a 1996, ya shirya don kare yaran da ake yi wa ƙazafin maita, suka lakaɗa masa duka. Ƙungiyoyin marasa addini sun yi shekaru suna neman rajista, sai a 2017 suka samu. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2020 ya nuna cewa fiye da mutum 9 cikin 10 na 'yan Nijeriya suna ganin mutum ba zai zama na kirki ba sai ya yarda da Allah, kuma a wannan wurin bakin Musulmi da na Kirista ɗaya ne. Abin mamaki, a ƙasar da kusan kowa ya rantse da littafinsa kafin ya hau kujera, kuɗin jama'a bai daina ɓacewa ba. Waɗanda suka wawashe baitulmali tun daga zamanin farar hula na farko zuwa yau, ba a ji an ce marasa addini ne ba.

Ga ɗan Arewa mazaunin Sabo kuwa, tambarin "ya bar addini" ya fi nauyi fiye da yadda ɗan boko na Ikko zai zata. Zaman Sabo a kan amana aka gina shi. Fatauci na goro da shanu da albasa da tumatir yana tafiya ne da bashi na baka, ba takarda, kuma abin da ke riƙe da amanar shi ne kowa ya san kowa a sahun salla. Baƙo ya sauka wurin maigida ko fatoma, shi zai ba shi masauki, ya tsaya masa a kasuwa, ya je ofishin 'yan sanda in ta ɓaci, in ya mutu kuma jama'ar masallaci su yi masa sutura. Ranar da aka ce wane ba ya salla domin ya daina yarda, a ranar ya rasa ɗaki da jari da mai tsaya masa, watakila da mata, kuma labarin zai riga shi isa gida. Wannan shi ya sa masu irin wannan ra'ayi ba sa bayyana kansu. Suna bin sahu, suna azumin ido, suna ɗauke da abinsu a ciki. Wanda ya tilasta musu haka ya yi tsammani ya kare addini, alhali munafukai ya ƙara a masallaci, kuma kowane almajiri ya san inda addini ya ajiye munafuki.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Duk inda kalma ɗaya ta isa ta kashe mutum, to, ta zama makami a hannun duk wanda ke da ƙullin wani a zuciya, ko abokin gabar kasuwa, ko wanda ake bi bashi. Kuma taron fushi ba ya tambayar shaida, ba ya ma tambayar addinin wanda ya kewaye. Deborah Samuel, wadda aka kashe aka ƙone a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato ran 12 ga Mayu, 2022, Kirista ce, kuma fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Usman Buda, mahaucin da aka jefe a mayankar Sakkwato a watan Yuni na 2023, Musulmi ne mai salla. Tsofaffin da suka ga zamanin NEPU za su iya tuna yadda aka riƙa jifan magoya bayan Malam Aminu Kano da kalmar kafirci don kawai sun ja da sarakuna, na bayansu kuma sun ga yadda 'yan Izala da 'yan ɗariƙa suka yi ta kafirta juna bayan 1978. Ashe dai sandar da aka sassaƙa don maras addini ba a kansa kaɗai take sauka ba.

Yanzu kuma a juyo ga marasa addinin kansu, gama su ma akwai magana a kansu. Wasu daga cikinsu, musamman masu rubutu a Facebook da makamantansa, sun mai da ba'a sana'a. A wurinsu duk mai salla wawa ne, duk mai zuwa coci an wanke masa ƙwaƙwalwa, mai gemu da ɗagaggen wando kuwa ɗan ta'adda ne da bai riga ya sami bindiga ba. Wannan ita ma ƙyama ce, kuma a nan Kudu kan ɗan Arewa take faɗawa, mai gadi da mai shayi da mai wankin takalmi da aka riga aka raina da kiran "aboki". Mutumin da ke neman a girmama tunaninsa ba shi da hujjar taka abin da maƙwabcinsa ya fi so fiye da ransa. Baki shi ke yanka wuya, kuma sau da yawa ba wuyan mai bakin kaɗai ba. Wanda ya rubuta zagi daga ɗakinsa a Ikko ko London ba shi ne zai kwana da tsoro a Sabon Garin Kano ba. Haka nan masu cewa da an kau da addini da an huta da zalunci, su karanta tarihin Albaniya, inda gwamnatin Enver Hoxha ta rufe masallatai da coci-coci fiye da 2,000 a 1967, ta ɗaure limamai da fada-fada, ta rubuta rashin addini cikin tsarin mulkinta a 1976. Da marasa addini suka sami mulki, abin da ake yi musu shi suka yi.

Amma fa kada a ce laifin ɓangarorin biyu kunnen doki ne a Nijeriya ta yau. Ɗaya ɓangaren 'yan tsiraru ne masu alƙalami da wayar hannu, ɗayan kuwa shi ke da jama'a da hukuma da kotu da kan titi. Ba'a tana ƙona zuciya, amma ba a taɓa jin marasa addini sun taru sun ƙone wani a ƙasar nan ba. Nauyin haƙuri ya fi hawa kan mai ƙarfi. Addinin Musulunci ma bai bar mabiyansa ba jagora a nan: aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin bautar wasu don kada su rama, aya ta 125 ta Suratun Nahli kuwa ta nuna yadda ake kira da yadda ake jayayya. Imanin da ya kafu ba ya jijjiga don wani injiniya ya yi rubutu, kuma malamin da ya san karatunsa ba ya tsoron tambayar yaro.

Maganar yaro kuwa ita ce ta fi kusa da gidajen masu karatu. 'Ya'yan 'yan Arewa da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Badun suna shiga jami'o'in Kudu, suna cuɗanya da kowane irin ra'ayi, suna karanta abin da iyayensu ba su taɓa ji ba. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai dawo hutu da tambayoyi masu nauyi, ko ya ce shi zuciyarsa ta yi sanyi. Uban da ya amsa da mari, ko ya kore shi, ko ya ɗaure shi ya kai gidan mari ko asibitin mahaukata, ya rufe ƙofar da yaron zai bi ya komo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shakka ba hauka ba ce, kuma likitan da ya karɓi lafiyayyen mutum ya tsare don dangi sun roƙa ya ci amanar aikinsa. Tun watan Janairu na 2023, da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, an ƙuntata hanyar tsare mutum a asibiti ba da yardarsa ba. Abin da ya fi shi ne a zauna da yaro, a nemo malami mai ilmi da sanyin rai wanda zai saurara kafin ya amsa, a kuma bar masa kwanon abincinsa a gida ko da maganar ba ta ƙare a ranar ba. Maƙwabta Yarbawa, waɗanda ake samun Alhaji da fasto da mai bautar Ogun a tsakar gida ɗaya suna cin bikin juna, suna da abin koyarwa a nan, ko da ba duka za a ɗauka ba.

Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da limaman Sabo su ma akwai aiki a gabansu. Su ne ake fara kai wa ƙara in an ce wane ya faɗi kaza. Wajibi ne su kafa ƙa'ida tun kafin rana ta ɓaci: ba a yanke wa kowa hukunci da jita-jita, ba a tara jama'a a ƙofar kowa, wanda ake zargi da cin mutuncin addini a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa, wanda kuwa ra'ayinsa kawai ya bambanta a bar shi da Mahaliccinsa. Su ne suka fi kowa sanin abin da taron fushi ke haifarwa. A watan Fabrairu na 2021 rigimar ɗan dako ɗaya a kan tumatir da ya zube ta cinye kasuwar Shasha a Badun, aka rasa rayuka da dukiya, ɗaruruwa suka gudu. Ran 27 ga Maris, 2025, a Uromi ta Jihar Edo, 'yan banga suka tare mafarauta 'yan Kano da ke komawa gida salla daga Jihar Ribas, suka ga bindigogin farauta, wani ya yi ihun masu satar mutane, aka kashe 16 aka cinna musu wuta. Ba wanda ya tsaya ya tambaye su. Abin da ya kamata ya tsare mafarautan nan, watau dokar da ta ce ba a taɓa mutum sai kotu ta saurare shi, shi ne dai abin da aka hana Deborah da Usman Buda, shi ne kuma aka take sa'ad da aka ƙi bin umurnin kotun Abuja a kan Mubarak Bala. Baƙo a ƙasar wasu ba shi da garkuwar da ta wuce wannan doka, kuma duk ranar da ya yarda a karya ta a kan wanda ba ya so, ya rage wa kansa kariya.

Bayan kisan Uromi ƙungiyoyin 'yan Arewa sun tashi tsaye suna neman a kama masu laifi a hukunta su, har Gwamnan Edo ya je Kano ta'aziyya, kuma sun yi daidai. Abin da ya rage shi ne su ɗaga murya irin wannan a kan abin da ya faru a gida. A shari'ar Deborah mutum biyu kaɗai aka gurfanar, da tuhumar haɗa baki da tayar da hankalin jama'a, ba ma da tuhumar kisa ba, kuma a farkon 2023 kotun majistare ta Sakkwato ta sallame su saboda masu gabatar da ƙara na 'yan sanda sun daina zuwa kotu.